Darasi: Sauya wa Waya Babbar Manhajarta

A kusan kowane gida akwai wata waya da ke kwance a cikin durowa. Gilashinta bai fashe ba, batirinta yana riƙe caji, tana kunnuwa lafiya lau, amma an ajiye ta saboda manhajoji sun fara ƙin hawa kanta. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba, kuma manhajojin banki sun fi shi saurin juya wa tsohuwar waya baya. Jikin wayar da sauransa. Abin da ya tsufa shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda kamfanin da ya ƙera wayar ya daina sabuntawa.

Wannan babbar manhaja ita ce masu gyaran waya suke kira rom. Duk wanda ya taɓa kai waya gyara kasuwar Farm Centre a Kano ya ji ana cewa "sai an yi mata filashin". Ba filashin na kira a katse ake nufi ba. Ana nufin a goge rom ɗin da ke cikin wayar a zuba wani. Yawanci mai gyara rom ɗin kamfani yake mayarwa, wato irin wanda wayar ta zo da shi. Darasinmu na yau a kan ɗaya nau'in ne: rom ɗin da wasu mutane dabam, ba kamfanin ba, suka gina domin wayar.

Yadda aka yi abin ya yiwu

Android ba kamar manhajar iPhone ba ce. Google ya sayi ƙaramin kamfanin Android a 2005, waya ta farko mai ɗauke da manhajar, HTC Dream, ta fito a 2008, kuma tun lokacin ake sakin rubutun ginin manhajar a fili ƙarƙashin wani shiri da ake kira AOSP. Kowa yana iya ɗauka ya gyara ya gina nasa. Ƙashin bayanta kuwa Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma lasisin Linux ya wajabta wa duk kamfanin da ya yi masa gyara ya sayar da kaya a kansa ya fitar da gyaran da ya yi. Wannan sharaɗi shi ne ƙofar da masu sa kai suke bi su shiga. Apple bai bar irin wannan ƙofa ba, saboda haka mai iPhone ko iPad ba shi da rabo a wannan aiki.

A 2009 wani rom mai suna CyanogenMod ya bayyana, ya bunƙasa har aka kafa kamfani a kansa a 2013, kuma wayar OnePlus One ta 2014 da shi ta fito daga masana'anta. Kamfanin ya rufe aikin a ƙarshen 2016. Masu sa kai suka kwashi rubutun suka ci gaba da sabon suna, LineageOS, wanda har yau yana cikin rom ɗin da suka fi yawan wayoyin da suke tallafawa.

Ga abin da aikinsu ya haifar. Samsung Galaxy S5 ta fito a 2014, kamfanin ya tsaya da ita a Android 6. LineageOS ya kai ta Android 11. Poco F1 ta 2018 ta tsaya a Android 10 a hannun kamfaninta, amma ta samu LineageOS 21, wanda yake Android 14 ne. Shekarun amfani ne aka ƙara wa abin da da tuni ya shiga bola, kuma ga wanda ya san yadda kuɗin sabuwar waya yake a yanzu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wayar ce take zaɓe

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne su fara da tambayar wane rom ne ya fi kyau. Tambayar farko ita ce: wannan wayar da ke hannuna, tana yarda a buɗe ta?

A cikin kowace waya akwai wata ƙaramar manhaja da take fara tashi da zarar an danna makunni, kafin Android. Sunanta butloda. Aikinta irin na mai gadi ne: tana duba rom ɗin da ke ciki, in ta ga sa hannun kamfani a kansa ta bar shi ya tashi, in ba ta gani ba ta hana. Muddin butloda tana kulle, babu rom ɗin waje da zai zauna. Kamfanoni kuma sun sha bamban a nan. Wayoyin Pixel na Google da aka saya kai tsaye, ba ta hannun kamfanin layi ba, suna buɗuwa da umarni ɗaya. Xiaomi yakan sa mutum ya haɗa wayar da asusunsa, ya nemi izini, sannan ya jira, sau da yawa awa 168, wato mako guda cur. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Wayoyin Samsung da aka yi domin kasuwar Amurka galibinsu ba sa buɗuwa ko kaɗan, kuma wannan ya shafe mu, domin da yawa daga cikin wayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga can suke.

Sai batun wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu: Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a China. Yawancinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc suke ɗauke da ita, kuma masu gina rom sun fi samun sauƙin aiki da ƙwaƙwalwar Qualcomm, domin kamfanin Qualcomm ya saba sakin rubutun da suke bukata. Saboda haka da wuya ku ga waɗannan wayoyi a jerin manyan rom. Abin da ya rage musu shi ne wani rom na gama-gari da ake kira GSI, wanda ya samu bayan Google ya raba Android gida biyu a 2017, ya ware ɓangaren da ke magana da kayan cikin waya daga ɓangaren da mai waya yake gani. GSI yakan tashi a wayoyi da yawa, amma ba a ɗinka shi a jikin kowace ba. Wani lokaci na'urar karanta yatsa ta ƙi aiki, wani lokaci hasken fuska ya ƙi raguwa, wani lokaci murya ta ɓace a kira. Ban ba mai koyo shawarar ya fara daga nan ba.

In wayar tana buɗuwa, abu na gaba shi ne sanin sunanta na ciki. A nan nake so ku natsu. Sunan da ke jikin kwali na talla ne. Kowace waya tana da wani laƙabi da masu gini suke kiranta da shi, kuma da shi ake ɗinka rom. Poco F1 ita ce beryllium. Galaxy S5 ta gama-gari ita ce klte. Ku dubi waɗannan biyun: Redmi Note 8 laƙabinta ginkgo, ƙwaƙwalwarta Snapdragon 665 ta Qualcomm, Redmi Note 8 Pro kuwa laƙabinta begonia, ƙwaƙwalwarta Helio G90T ta MediaTek. Kalma ɗaya ce ta raba su a kwali, amma a ciki ko dangi ba su haɗa ba. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya zuba rom ɗin ɗaya a ɗaya zai iya kashe wayar. Allunan hannu ma haka suke: Galaxy Tab S6 Lite ta 2020 mai cin layi ita ce gta4xl, wadda ba ta cin layi gta4xlwifi, kuma kowace da nata fayil. Samsung ma yakan fitar da waya ɗaya da ƙwaƙwalwa iri biyu, Exynos a wasu ƙasashe, Snapdragon a wasu. Lambar samfur da ke cikin saitunan wayar, a wurin bayanin waya, ita ce abin dogaro, ba abin da mai shago ya faɗa ba.

Bayan an san laƙabin ne ake duba waɗanne rom ne suke da shi a jerinsu. LineageOS bai da kwalliya da yawa, kuma ba ya zuwa da manhajojin Google. Wanda yake so sai ya ƙara da kansa. GrapheneOS an gina shi ne domin tsaro da sirri, kuma a wayoyin Pixel kawai yake aiki. Akwai /e/OS, wanda Bafaranshe Gaël Duval ya kafa domin masu son rage dogaro da Google. Akwai irin su crDroid da Evolution X masu yawan saituna na gyara kamannin waya. Ni dai ma'aunina uku ne kuma ba na sassauta su. Rom ɗin na hukuma ne, wato ƙungiyar da kanta ce take fitar da shi a shafinta, ko wani ne ya gina ya ɗora a rumbun ajiya? Yaushe aka sabunta shi na ƙarshe? Kuma me aka rubuta a jerin abubuwan da ba sa aiki? Tambaya ta farko ta fi nauyi, domin rom yana ganin duk abin da kuka rubuta a waya, har lambar sirrin banki. Zuba rom ɗin wanda ba ku sani ba daidai yake da miƙa wa baƙo makullan gida. Ta biyu kuma tana da dalili: aikin sa kai yana iya tsayawa. PixelExperience, wanda ya yi farin jini ƙwarai, ya rufe a 2024.

Abin da za a rasa

Ba zan ɓoye muku farashin ba. Buɗe butloda yana goge komai da ke cikin wayar, kuma da gangan aka yi haka don kada ɓarawo ya buɗe ya kwashi bayanan mutum. A wurin kamfanoni da yawa garanti ya tafi ke nan. A wayoyin Samsung akwai wani ɗan fis na tsarin Knox da yake ƙonewa da zarar an zuba abin da ba na kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa. Ko an mayar da rom ɗin asali, irin su Secure Folder da Samsung Pay sun tafi har abada.

Abin da ya fi taɓa rayuwar yau da kullum shi ne banki. Google yana da wani tsari mai suna Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet, da manhajoji suke tambaya ko wayar tana nan yadda kamfani ya fitar da ita. Waya mai buɗaɗɗiyar butloda takan faɗi wannan jarrabawa, kuma wasu manhajojin kuɗi suna ƙin buɗewa a kanta. Akwai dabarun kewaye wannan, amma yau su yi aiki gobe a toshe su. Idan da wayar nan kuke karɓar kuɗin ciniki, ko ita kaɗai gare ku, ku bar ta yadda take. Garin neman gira kada a rasa ido. Kyamara ma takan ragu, domin dabarun gyara hoto mallakar kamfani ne, ba sa cikin abin da ake saki.

Akwai kuma wata gaskiya da masu tallata rom ba su cika faɗa ba. Sabon rom yana toshe ramukan tsaro da ke cikin Android, amma akwai wani ɓangare, kamar manhajar da ke sarrafa layi da ta wayfai, wanda kamfanin ƙwaƙwalwa ne kaɗai yake iya gyarawa. In ya daina, ya tsaya ke nan. Tsohuwar waya mai sabon rom ta fi tsohuwar waya mai tsohon rom tsaro nesa ba kusa ba, amma ba ta kai wadda kamfani yake kula da ita ba. Shi ya sa mai Pixel 8 ko Galaxy S24, waɗanda aka yi wa alkawarin sabuntawa na shekara 7, ba shi da gaggawar taɓa komai.

Shiri

Rabin aikin ana gama shi kafin a jona kebul. Ku kwashe hotuna da takardu zuwa kwamfuta ko katin ajiya. Ku tabbatar lambobin mutane suna cikin asusunku na intanet, ba cikin wayar kawai ba. Ku adana hirarrakin WhatsApp. In kuna da manhajar da ke ba da lambobin shiga asusu, ku mayar da ita wata wayar tukuna, domin mutane da yawa sun kulle kansu a waje ta nan. Ku cire asusun Google daga wayar, kuma ku tabbata kun san kalmar sirrinsa. Ku sauke rom ɗin kamfani na wayarku ku ajiye, domin shi ne hanyar komawa gida in abu ya ɓaci. Sannan ku danna *#06# ku rubuta lambar IMEI a takarda.

Wannan lamba tana da labari a wurina. Wata ɗalibata ta taɓa zuwa aji da wayarta bayan an yi mata filashin a wani shago. Wayar tana kunnuwa, tana hawa wayfai, komai tsaf, amma ta sa layi biyu babu wanda ya kawo sabis. Muka danna *#06# tare, sai wayar ta nuna lambar ba ta da inganci. Abin da ya faru shi ne, a manhajar SP Flash Tool da ake yi wa wayoyin MediaTek filashin da ita akwai zaɓin da yake share dukkan ma'ajiyar waya kafin ya zuba sabon rom, har da ɗan sashen da ake kira NVRAM, inda lambar IMEI da saitin layi suke zaune. Wannan zaɓin aka danna, kuma ba a kwafi sashen ba tukuna. Ɗalibar tana sayar da kayan miya ne ta waya, kwana da kwanaki masu saye ba sa samunta. Tun ranar ba na barin kowa ya taɓa wannan zaɓi a ajina. A wayoyin Qualcomm sashen da ke yin wannan aiki sunansa EFS, kuma shi ma a kwafe shi in hanya ta samu.

Batirin wayar ya haura rabi. Kebul ya zama mai kyau, wanda ba ya motsi a bakin caji. Kwamfutar kuma ta zama ta cinya mai batiri, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta butloda, wayar tana iya mutuwar da sai an buɗe cikinta.

Aikin kansa

Kowace waya da nata umarnin, kuma shafin rom ɗin yana da shi daki-daki a ƙarƙashin laƙabinta. Shi za ku bi, ba bidiyon da aka ɗauka shekara uku baya ba. Ku karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ku fara. Wani lokaci yakan ce sai wayar tana kan wani takamaiman rom na kamfani kafin a soma. Kada ku tsallake wannan layi. Abin da zan bayyana shi ne tsarin da yawancinsu suke bi, don ku gane abin da hannunku yake yi.

A kwamfuta ana sauke kayan aiki biyu na Google, adb da fastboot. A waya ana shiga bayanin waya a danna Build number sau 7, sai wani ɓoyayyen sashe na masu gini ya bayyana. A cikinsa ake kunna OEM unlocking da USB debugging. In na farkon ya dushe ya ƙi dannuwa, ko babu shi sam, mai yiwuwa wayar ba ta buɗuwa, kuma a nan tafiyar ta ƙare. In ya kunnu, sai a jona waya da kwamfuta, a amince da tambayar da za ta fito a fuskarta, a rubuta adb reboot bootloader. A wayoyi irin Pixel umarni na gaba shi ne fastboot flashing unlock, sannan a zaɓa da maɓallan ƙara a tabbatar da makunni. Xiaomi yana da tasa manhajar ta buɗewa, Samsung kuma yana da nasa yanayin na saukewa da ake aiki da shi ta manhajar Odin ko Heimdall. Daga yanzu, duk lokacin da aka kunna wayar za ta nuna gargaɗi cewa a buɗe take. Wannan ba matsala ba ce.

Daga nan sai a zuba rikabari, wata ƙaramar manhajar gyara da take tashi ita kaɗai ba tare da Android ba. TWRP ita ce ta yi suna a da, amma yanzu yawancin rom suna zuwa da tasu, kuma ita ya kamata a yi amfani da ita. A cikin rikabari ana goge ma'ajiyar bayanai, a zaɓi karɓar fayil daga kwamfuta, a rubuta adb sideload tare da sunan fayil ɗin rom. Kafin haka, ku gwada lambar tantancewa ta SHA256 da ke shafin da ta fayil ɗin da kuka sauke. In intanet ta yanke ana saukewa, fayil yakan zo da giɓi, kuma wannan lamba ce take tona shi.

Ga wani abu da yake tsinka zuciyar mai koyo: sau da yawa ƙidayar da ke kwamfuta takan tsaya a kashi 47 cikin ɗari. Kada ku zare kebul. Ku dubi fuskar wayar, ita ce take faɗin gaskiyar inda aka kai. In kuna son manhajojin Google, irin kunshin MindTheGapps wanda ya dace da lambar Android ɗinku, yanzu ne lokacin zuba su, kafin wayar ta tashi karon farko. In ta riga ta tashi, sai an sake goge komai.

Tashin farko yakan ɗauki mintuna. In ya wuce minti 15 tambari yana ta juyawa, wani mataki ya kuskure. Wannan ba mutuwa ba ce: muddin wayar tana shiga rikabari ko butloda, ana iya sake gogewa a sake zubawa, ko a koma rom ɗin kamfani da kuka ajiye. Mutuwar gaske, wadda ake cewa waya ta zama bulo, ita ce in fuska ta yi baƙi ƙirin ba ta amsa kowane maɓalli, kuma mafi yawan lokuta rom ɗin wata wayar ne ya jawo, ko komawa tsohon rom a wayar da aka sa wa kariyar hana komawa baya, kamar yadda ya faru da masu Redmi Note 5 Pro da yawa a 2018. Kada kuma ku sake kulle butloda a kan rom ɗin waje sai umarninsa ya ce a yi. GrapheneOS an gina shi domin a kulle. A yawancin sauran, mai gadi zai ga baƙon sa hannu ya hana wayar tashi.

In ta tashi, kada ku yi saurin mayar da kayanku. Ku kira wani ku ji ko yana jin ku, ku gwada kowane layi, ku kunna data da wayfai da bulutut, ku ɗauki hoto da bidiyo, ku gwada taswira, ku bar ta ta kwana ku ga abin da batiri ya ci.

Aikin gida

Kada kowa ya buɗe butlodar wayarsa a wannan mako. Ku ɗauki wayar da ke gidanku, ko wadda ke cikin durowa, ku rubuto lambar samfurinta, da laƙabinta na ciki, da irin ƙwaƙwalwarta, da lambar Android da take kai, da ranar da aka yi mata sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Ku duba ko OEM unlocking yana dannuwa, amma kada ku wuce nan. Sannan ku nemo ko tana cikin jerin LineageOS, ku kwafo abubuwan da aka ce ba sa aiki a kanta. Wanda yake da tsohuwar wayar da babu komai nasa a ciki ya zo da ita tare da kebul ɗinta, a kanta za mu gwada a aji mai zuwa.